Zauren Tambaya: Wace Magana Ce Ke Sa Mutum Ya Zaro Kuɗinsa?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk sun faɗa kan magana guda, wato yadda mai sana'a zai tsara kalaman tallarsa har a saya. Na zaɓi huɗu. Abin da zan faɗa wuri biyu na koyo shi: bakin faifan alkakin mahaifiyata a Birni, Allah ya jiƙanta, da kuma shekarun da na yi ina rubuta talla ina karantawa a gidan rediyo nan Damagaram.

TAMBAYA, daga wata 'yar'uwa a Garin Malam: Baba, barka da aiki. Ina yin alkaki da dubulan da nakiya na gara da na suna, kuma duk wanda ya ci sai ya yaba. Kullum ina ɗora hoto a WhatsApp in rubuta, "Alkaki mai daɗi da inganci, sai wanda ya gwada, ku garzayo." Mutum fiye da ɗari suna gani, amma sai in yi mako biyu ba wadda ta kira. Ƙawata ta ce baki ne aka yi mini. Ko akwai wasu kalmomi na musamman da ake sawa?

AMSA: 'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa hannunki albarka. Ki kwantar da hankalinki, ba baki ba ne. Abin da kika rubuta shi ne abin da duk mai alkaki daga Garin Malam har Karkada take rubutawa. "Mai daɗi", "mai inganci", "na asali": an faɗe su har sun suɗe, ido yana bi ta kansu ya wuce kamar bai gani ba. Ba wai ƙarya kika yi ba. Kin dai faɗi abin da ba wanda zai iya auna shi daga cikin salula.

Bari in ba ki labarin wata rana da ban manta ba. Ina yaro, wata Hajiya ta shigo gidanmu neman alkakin gara, za a kai 'yarta Agadas. Tana zaune bakin tabarma tana juya guda ɗaya a hannu, fuskarta ba walwala. Inna ba ta ce mata yana da daɗi ba. Ɗaukar ɗaya ta yi ta ɓalla shi biyu, ta ɗaga wajen hasken ƙofa ta ce, "Hajiya, dubi cikinsa, ya sha har tsakiya. Wannan zai kai Agadas, dangin miji su yi ta ci bai yi tauri ba." Sai ta jawo kwalbar man gyaɗa ta buɗe ta miƙa mata ta shinshina. Hajiya ba ta ƙara tambayar komai ba sai ranar da za a gama.

Na daɗe kafin in gane abin da Inna ta yi. Hajiyar nan ba daɗi ta zo nema ba, ai ta san alkaki yana da daɗi. Tsoro ne ya kawo ta: kada a buɗe gara a gaban surukai a tarar da abu ya bushe, ko yana warin tsohon mai, a yi ta yi da ita a dangi. Inna ta hango wannan tsoron ta amsa shi tun ba a furta ba. To, ke ma mai sayen kayanki abubuwa uku ne ke cin ranta: kada a ba ta kunya, kada a saɓa mata rana, kada kuɗin ya fi ƙarfinta. Tallarki ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Da ni ne, ga yadda zan rubuta, sai ki gyara shi ya dace da gaskiyar aikinki da farashinki:

"Uwar amarya, in bikinki na cikin watan nan, ga alkakin alkama zalla, suyar sabon man gyaɗa, ba man da aka taɓa suya da shi. Ya sha sukari har tsakiya, dubi wanda na ɓalla a hoto. Manya guda ɗari, jika goma. Ki sanar da ni saura kwana biyar, in kawo miki har gida. In kina son ɗanɗanawa tukuna, aiko yaro Garin Malam ya karɓo miki ɗaya."

Ki lura da farkonsa. Ban ce "jama'a" ba, ban ce "'yan'uwa maza da mata" ba. Kiran jama'a ba ya juyo da kowa, amma matar da aurar da 'ya ya hana ta barci, da ta ga "uwar amarya" sai yatsanta ya tsaya. In kin tashi yi wa masu suna talla, ki sake rubuta wata daban ki kira mai jego ko kakar jariri. Kada ki haɗa su a saƙo ɗaya don neman sauƙi.

Sannan farashi. Na san yayin da ake yi yanzu shi ne a ɓoye kuɗi a ce "mai so ta biyo ni ta ciki". Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, musamman a garinmu. Mace mai mutunci ba ta son ta tambayi kuɗin abu sannan ta ja da baya, ballantana in kun san juna, kuna haɗuwa a gidan biki da islamiyya. Gara ta haƙura gaba ɗaya da ta ji wannan nauyin. Cikin mutum ɗarin nan da ke kallon hotonki, na tabbata akwai waɗanda kunyar tambaya ce kawai ta tsare su. Da rashin tayi akan bar araha, amma fa wani lokacin mai kaya ne ke toshe ƙofar tayin da kansa. Ki faɗi kuɗin a fili, da lissafin sefa da muka saba: dala ashirin, dala ɗari, jika (wato sefa dubu ɗaya). Wadda ta ga daidai ƙarfinta ne za ta kira kanta tsaye.

Hoton ma magana ne. Tulin alkaki a roba ba ya cewa komai. Ki wanke hannu ki ɓalla ɗaya, ki fita tsakar gida da hantsi ki ɗauka kusa-kusa, a ga ɗanƙonsa yana naso. Kuma ki tuna yawancin iyayen da ke riƙe da kuɗin gara ba su damu da karatun boko a salula ba, saƙon murya suka fi saurara. Ki karanta tallar da bakinki, a natse, kada ta kai minti ɗaya, ki yi sallama a farko kamar kin shiga gidan mutum. Idan wata ta saya ta aiko miki da godiya, ki roƙi izininta ki ɗora muryarta. In ta ce a'a, ki bar shi har abada.

Ki gwada wannan tsawon wata guda, ki sake rubuto mini. Ina so in ji.

TAMBAYA, daga wani matashi mai sayar da salula kusa da Kasuwar Dole: Kawu, ina gaisuwa. Abokan sana'ata suna rubuta "saura uku kacal" ko "ragi na yau kaɗai" alhali kaya na nan jibge, kuma wallahi suna ciniki. Wasu har sukan sa abokansu su rubuta "nawa ya iso, na gode" ba su sayi komai ba. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina ganin ana wuce ni. Mene ne shawararka?

AMSA: Ɗana, zuciyarka ta gaya maka gaskiya, ka riƙe ta.

Ba zan ce maka dabarar ba ta aiki ba, tana yi. Ɗan Adam ya fi jin zafin abin da zai kuɓuce masa a kan daɗin abin da zai samu. Wasu masana halayyar mutum biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana wannan tun 1979, daga baya kuma suka auna cewa zafin asara yakan kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya. Shi ya sa "saura uku" ke tayar da mutum daga zaune. Dillalan kasuwar dabbobi ba su karanta wannan ba, amma sun san amfanin cewa "wani Alhaji ya taya, yana dawowa".

Sai dai ni na ga ƙarshenta da idona, kuma da hannuna a ciki. Wata shekara gab da ƙaramar Salla, wani ɗan kasuwa ya kawo mana takarda: an zabge rabin kuɗin atamfa, kwana uku kacal. Na karanta da iyakar muryata, safe da rana da dare. Rana ta biyu na bi ta ƙofar kantin, sai wata tsohuwa ta ji ana gaishe ni ta gane ni. Daga wajen Mirya ta taso, ta biya kuɗin mota na kilomita 18, da kuɗinta ƙulle a bakin zane don ta yi wa jikoki kayan Salla. Ashe mutumin ninka kuɗin ya yi a baki sannan ya raba biyu, farashin na nan inda yake tun makon jiya. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ai muryarka na ji na taso." Har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Daga ranar ban sake karanta ragi ba sai na je na ga tsohon farashi da sabo. Shi kuwa kwana ukunsa sai da suka zama mako uku, kuma da shekara ta zagayo ya sake kawo talla, an karanta, ba wanda ya motsa.

Ka ga, Damagaram ba garin da za ka cuci mutum ka ɓace ba ne. Wanda ka gaya wa saura uku ranar Litinin, zai dawo cin kasuwa ranar Alhamis ya tarar da talatin a gilashinka. Ba lallai ya tanka ba. Zai dai gaya wa 'yan fadarsu wajen shayi, shi ke nan.

Addininmu ma bai bar wannan a duhu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta wajen tarin abinci a kasuwa ya cusa hannunsa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ya kuma ce rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka. Ya hana mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani, kuma abokin da ke rubuta godiya bai sayi komai ba, a ganina ɗan gidan wannan ne.

To, ba cewa na yi ka zauna ka naɗe hannu ba. Sana'arka cike take da gaggawa ta gaskiya, ita za ka faɗa. In guda goma sha biyu ka ɗauko daga Kano, ka rubuta goma sha biyu, in an sayi biyar ka dawo ka ce saura bakwai. In canjin naira da sefa ya motsa, ka ce wannan farashin na kayan da ke hannu ne, na gaba ban san yadda zai zo ba. Tela da ya ce ba ya karɓar ɗinkin Salla bayan azumi goma sha biyar, ai gaggawa ya sa wa mutane, kuma ba wanda ya zalunta.

Akwai kuma makamin da abokanka ba su da shi. Kowa na tsoron salula ta hannu, don bai san abin da ke cikinta ba. Kai ka faɗa: "An taɓa canja mata gilashi. Batirinta yana kai wuni in ba a cika kallon bidiyo ba. Ka riƙe ta kwana uku, in ta ba ka matsala dawo da ita ka karɓi kuɗinka." Mutumin da ya ji ka tona aibin kayanka da bakinka zai gaskata sauran maganarka ba tare da ka rantse ba. Hadisi ya ce masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu. Ka lura da kalmar "suka bayyana". Za a riga ka ciniki wata biyu ko uku, wannan kam ka shirya masa. Amma uban da zai saya wa 'yarsa salula za ta tafi jami'a, wurinka za a nuna masa.

TAMBAYA, daga wani baduku a Birni: Malam, dukanci gadonmu ne. Tun da baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ɗana ke ɗora jakunkuna da takalma a Facebook don mutanen Yamai da Kano. Kowa sai ya ce sun yi kyau amma sun yi tsada, ga na roba a kasuwa da araha. Me za mu ce musu?

AMSA: Yayana, Allah ya ƙara wa gado albarka. Wanda ya ce maka "ya yi tsada" bai tafi ba tukuna, dalili yake jira. Mu kuwa mun saba in tayi bai kai ba mu ce "albarka" mu yi shiru. A rumfa hakan ya wadatar, tun da fatar na hannunsa yana murzawa yana jin ƙanshinta. Mutumin Yamai hoto kawai yake gani, kuma a hoto roba da fata kusan ɗaya ne.

Kalmar da nake so ɗanka ya riƙe ita ce "saboda". A 1978 wata masaniya a Amurka, Ellen Langer, ta yi gwaji da abokan aikinta a layin masu jiran injin kwafe takardu. In mutum ya roƙi a bar shi ya shiga gaba da shafi biyar bai faɗi dalili ba, kashi 60 cikin ɗari suka yarda. Da ya ƙara da "saboda ina sauri", sai suka kai 94. Ko da ya ba da dalilin banza, "saboda zan kwafe takardu", 93 suka yarda. Masu koyar da talla sukan tsaya nan, amma sauran gwajin ya fi shafarka: da aka mayar da shafukan ashirin, dalilin banza bai ƙara komai ba, sai na gaske ne ya yi tasiri. Jakar jika goma sha biyar ba ƙaramin roƙo ba ce, don haka dalilinka ya zama mai nauyi.

Kuma kana da shi, ba sai ka ƙirƙira ba. Ka zaunar da yaron ka faɗa masa aikin daki-daki ya rubuta: fatar akuya ce ko ta tunkiya, in ta jar akuyar Maradi ce a faɗa, don masu sani sun san darajarta. An jeme ta a majema da bagaruwa, an shafe ta da mai, jan nan na karan dafi ne in da shi aka rina. Kwana nawa ka yi kana ɗinki da basilla, hannu ne ko keke. Ya ɗauki bidiyon hannunka kana aiki, ko na rabin minti. Ya nemo tsohuwar jaka da ka ɗinka wa wani shekarun baya, wadda ta sha hannu ta yi sheƙi, ya ajiye ta kusa da sabuwa ya rubuta shekarunta na gaskiya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, kowa ya san karin maganar, amma tsohuwar jakar nan ta fi ta iya faɗa.

Tarihin garin ma naka ne. Ayarin fatake daga Kano ta nan yake bi zuwa Agadas har Tarabulus, kuma jemammiyar fatar ƙasar Hausa ce ta ƙetare hamada Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Layi ɗaya a kan wannan ya isa, kada ya zama lacca. Abin da zai rufe ciniki shi ne alkawari: "In ɗinki ya warware, aiko da ita in gyara ba ko dala." Na san dama kana yi wa mutanen unguwa haka. Na nesa ne ba su sani ba, don ba a taɓa rubuta musu ba.

Kada dai ku kushe na roba. Mai tambayar wataƙila ita ce rataye a kafaɗarsa.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou mai sayar da turaren wuta da humra: Baba, da Faransanci zan rubuta ko da Hausa? Ƙawayena sun ce Faransanci ya fi aji. Kuma in sa "kyauta" yana jawo mutane?

AMSA: 'Yata, da harshen da mai sayen ke ƙirga kuɗinta za ki yi mata magana. Wadda za ta sayi humra tana lissafi da dala da jika ne, kuma ƙanshi ba shi da daɗin faɗa kamar a Hausa: ya kama ɗaki, ya kama zane, an wanke bai fita ba. Ki nemo wannan a Faransanci ki ga ko zai zauna. Tun 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a hukumance a nan Nijar, to ina abin jin nauyi? In kina da masu saye da ba su jin Hausa, ki yi musu nasu saƙon daban. Ki dai kula da rubutun, ki sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, don "ƙamshi" da "ɗaki" su fito yadda ake faɗarsu.

Kyauta kuwa tana ja, amma tana jawo har da waɗanda ba su da niyyar saye, jarinki kuma ƙarami ne. Mu muna da abin da ya fi ta, wato gyara. Mai awo in ya cika tiya ta yi tozo yakan ƙara ɗan hannu, kuma wannan hannun ne ke dawo da mai saye mako mai zuwa. Ki samo 'yan ƙananan kwalabe, duk wadda ta sayi turaren wuta ki ɗiga mata humra kaɗan ki ce ga gyara. Ki liƙa takarda a jiki da sunan haɗin da lambarki, don ranar da wata ta tambaye ta a gidan biki wane ƙamshi ne wannan, ta sami abin nunawa.